Garin da Bukari Ya Jira

Stains, 13 ga Oktoba

Ƙulun ƙulufit!

An yanka ta, ba ta mutu ba. Ba ta da hanci, tana numfashi. Mai ita ya yi shiru, ita tana kuka. Mece ce?

To, na kama ki. Kin buɗe takarda kina jiran gaisuwa, sai ga tarko. Yanzu gaisuwar ta biyo baya, tun da ita ba gudu take ba. Assalamu alaikum Mutmainna, ja'irar jikata. Bayan dubun gaisuwa da fatan alheri, ina karatu, ina sanyin Liyon? Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwa, ita kuwa ta riga ni tsufa.

Kada ki amsa mini da muryar nan da kuke turawa ta waya kina tafiya kina haki. Ki nemi bik, wato biro, da takarda. Aji uku na yi a lakkal, makarantar boko, ban yi su don ado ba.

Ga abin da ya sa na zauna rubutu. Tun ranar da masu gida suka kunna shofaj, abin ɗumama ɗaki, ƙarfensa da ke ƙarƙashin tagata ya soma kuka. Ba kullum-kullum ba, sai bayan la'asar, in na shafa addu'a ina zaune kan darduma. Murya ɗaya ce, siririya, doguwa, ba ta tsayawa ta ja numfashi. Na kira ubanki, ya kanga kunne, ya ce, "Hajiya, iska ce a cikin bututu." Na ce masa, "To Alhaji injiniya, ita algaita mece ce?" Sai ya tafi shago.

Kin taɓa jin an ce ina da wa, Bukari, wanda ba a faɗin sunansa a gidanmu sai an haɗa da tsaki. Mai busa algaita ne a Damagaram, gadon ubanmu. In ya cika kumatu sai su zama kamar ƙwarya biyu, yana jan iska ta hanci, busa ba ta yankewa. In ƙishirwa ta kama shi ba ya kirana da baki, sai ya sa algaita ta ce, "Batula, Batula, kawo ruwa." Dukan unguwa sun san kiran. Daga baya wani ƙurji ya fito masa a kuncin hagu, aka tsaga a wurin likita. Ya warke, amma kuncin ya mutu, ba ya riƙe iska. Wata safiya aka tashi babu shi, babu algaitar ubanmu, babu sallama.

Takarda ɗaya tak ya aiko, bayan shekara. A ƙarshenta ya rubuta mini kacici-kacicin nan da na jefe ki da shi, ya ce in na kasa in ba shi gari. Kin dai san al'adar, ko Faransa ta wanke miki ita? Wanda ya kasa amsa sai ya ba mai tambaya gari, ya ce na ba ka Kano, ko na ba ka Agadas, sannan a faɗa masa. Ni ban sami amsar ba, ban kuma ba shi ko rugar Fulani ba. Shekara arba'in da biyar ke nan.

Yanzu ƙarfe yana mini busa. Ba tsoro nake ji ba, ke dai. Amma ke da kika yi karatu har ya zuba, ki nemo mini amsar kafin a zo a tambaye ni wadda ta fi ta wuya.

Ki ci abinci. Hoton da kika aiko wuyanki kamar na zalɓe. Allah ya tsare.

Kakarki,
Batula

*

Vaulx-en-Velin, 19 ga Oktoba

Assalamu alaikum Kaka, tsohuwa mai ran ƙarfe. Ina gajiya, ina gwiwa, ina mawaƙinki na ƙarƙashin taga? A gaida Baba da Mama.

Kin sa na shiga kanti uku kafin in sami tambur, wato kan sarki. Ga amsata: ganga ce. An yanka, an feɗe, tana kuka. In ba ita ba ce, to kaset. In kuma ba shi ba ne, na ba ki garin nan namu Vaulx-en-Velin duka, har da bas ɗinmu da ba ya zuwa kan lokaci.

Bari in ba ki labarin da zai sa ki manta da shofaj. Na fara istaj, wato koyon aiki. An tura ni auna wani tsohon gida a kan tudun Liyon, don za a gyara shi. Hawa huɗu ne, dā na masu saƙar siliki. Rufin ɗakunan can sama, saboda tsawon masaƙa. Matakalar dutse ce, tsakiyarta ta lotsa don yawan ƙafafun da suka taka ta.

Kaka, gidan busa ne! Wani Bature daga ƙasar Ekos, can arewacin Ingila, ya saye shi shekara sittin da suka wuce, ya mai da shi makarantar algaitar ƙasarsu. Ki ga abin: jakar fata a hammata, sanduna uku a kafaɗa, ɗaya a baki, ɗaya a hannu, kamar mutum ya rungumi akuya ƙafafunta a sama. Ƙarar kuwa har cikin haƙori kike jin ta. Ranar biki mazan suna ɗaura zane iya gwiwa. Na san abin da za ki ce, ki riƙe shi.

'Yar mai gidan ce ke koyarwa yanzu, Madam Morag, sa'arki ce. Ta zagaya da ni ko'ina. Ta ce ɗalibi sai ya shekara yana busa sanda tsirara kafin a yarda ya taɓa jaka. A ƙasa akwai ɗakin gyara, yana warin fata da zuma, kamar rumfar dukawan da kika kai ni a kasuwar Damagaram.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Ƙarƙashin matakala akwai wani ɗan ɗaki, babu taga. A ciki akwai kabad na gilashi, a cikinsa kuma algaita. Irin tamu, Kaka, mai jar fata, da wata baƙar fata a naɗe a ƙarƙashinta. Babu rubutun bayani kamar sauran kayan. Na tambaya, Madam ta ce, "Wannan ba ta nuni ba ce, ajiya ce," ta ja ƙofar. Ɗakin ya fi ko'ina sanyi. Da na shiga aunawa, mitata, igiyar awo, ta ƙi zama a bango, sau uku tana naɗe kanta. Na san laifin hannuna ne, amma na fito da sauri.

Takardar nan ta gidan ce na ɗauko, ki ga sunan a sama: Maison d'Écosse, à Lyon. Ana faɗinsa Mezon d'Ekos, wato Gidan Ekos, a Liyon. Kin ga jikarki ta zama mai ofis.

Ina cin abinci. Zalɓe ma Allah ne ya yi shi.

Taki,
Mutmainna

*

Stains, 23 ga Oktoba

Mutmainna, salamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Yau gaisuwata gajeruwa ce, ki yi haƙuri.

Ba ganga ba ce. Ganga in mai ita ya huta, ita ma ta huta. Garinki kuma ki riƙe abinki.

Na karanta takardarki sau ɗaya ina dariyar maza masu zane. Da na kai ƙarshe sai dariyar ta yanke. Na tashi na buɗe akwatina, na ciro takardar Yaya Bukari daga cikin zanen Inna. Tun jiya suna gabana su biyu, taki da tasa. Tuwon da uwarki ta kawo yana nan a rufe.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa ko kakanki ba, Allah ya ji ƙansa.

Bukari a ajin yaƙi da jahilci ya koyi rubutu. Bai san babban baƙi ba, bai san a bar fili tsakanin kalma da kalma ba, haka yake jera su kamar tururuwa. Takardar kuma ba ta fosta ta zo ba. Hannu-hannu ta biyo, daga wannan alhaji zuwa wancan, har wani ɗan kasuwa ya kawo ta daga Kano, ambulan ɗin ya daɗe da yagewa. Duk gidanmu ni kaɗai na taka lakkal. Aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, Inna a gabana, Kawu Yakubu a gefe, maƙwabta cike da zaure. Ina da shekara ashirin da biyu, kaina kamar ya taɓa sama.

Ga layin, na kwafe miki shi yadda yake:

inagidanekosaliyo

Na yanka shi yadda na ga dama. Ina gidan, wannan ba gardama. Eko, ai kowa ya san haka Yarabawa ke kiran Ikko. Aliyo, sunan mutum. Sai wata 'yar s da ta rage a tsakiya kamar ƙuda a nono. Na ce kuskuren jahili ne, na tsame ta na yar. Na ɗaga kai na ce, "Yana Ikko, gidan wani Aliyo." Mata suka yi guɗa. Aka ce boko ya yi rana.

Sau biyu Kawu Yakubu yana zuwa Ikko. Aliyo goma sha ɗaya ya samu a Agege kaɗai, har da mai gyaran keke da wani makaho. Babu wanda ya taɓa jin Bukari. Muka ce ya ba mu adireshin ƙarya don kada a same shi. Inna ta shekara shida tana zama a ƙofar ɗaki da yamma, fuskarta tana kallon kudu. Haka ta rasu. Ni na rufe mata ido, na kuma rantse a kanta ba zan yafe masa ba.

Akwai wani layi a ƙasa, shi kam na karanta shi daidai. Ya ce, in kun yafe mini ku aiko amsa, in ban ji ba na san amsar.

Mutmainna, ina so ya zama ban yi kuskure ba. Kin ji irin muguntar tsohuwa? Na fi son a ce wana maƙaryaci ne a Ikko, da a ce ni ce.

Ki koma wurin matar nan, Marka take ko wa? A'a, rubuto mini sunanta baƙi-baƙi, na daina zubar da haruffan mutane. Ki roƙe ta ta buɗe kabad ɗin. Ki duba bakin algaitar na ƙasa, inda ya buɗe kamar ƙaho. Ina shekara bakwai na sace ta zan busa, na faɗi da ita a bakin rijiya, gefe ɗaya ya lotsa kamar an danna babban yatsa. Bukari ya ce shi ne, ya sha dukan. In babu lotsawar, ki rubuto mini "ganga ce" kawai, zan gane.

Jiya ƙarfen bai jira la'asar ba.

Kakarki

*

Vaulx-en-Velin, 28 ga Oktoba

Assalamu alaikum Kaka. Ina fatan wani yana kusa da ke sa'ad da kike karantawa. In babu, ki kira Mama tukuna.

Lotsawar tana nan. Na sa yatsana a ciki.

Sunanta M, O, R, A, G. Na nuna mata layin da kika kwafo, na karanta mata shi a hankali: ina gidan Ekos a Liyo. Na gaya mata yadda aka yanka shi a Damagaram. Ta zauna a kan matakala.

Ga abin da ta faɗa. Wani Bafaranshe ne ya zo da wanki Bukari daga Yamai a matsayin kuku, suka rabu. Wata rana yana wucewa ya ji busa, ya shigo ya tsaya a tsakar gidan, har aka tashi bai motsa ba. Ubanta ya ɗauke shi gadi da shara. Ɗan ɗakin nan mara taga nasa ne, shekara goma sha shida. Ta ce abin da ya riƙe shi jakar ce. Ya nuna wa ubanta kuncinsa da ya mutu, ya nuna jakar, ya ce, "Ku kun yi wa kumatu aro." Ya sayi fatar tunkiya a wurin mahauta Larabawa, ya jeme ta da kansa, ya yi mata ɗinkin salka irin ta ruwa, ya ɗaura wa algaitarsa. Shekara biyu yana fama kafin ta yi magana. Ta ce ranar da ta yi, ya yi ta kuka kamar yaro.

Na tambaye ta me ya hana shi komawa gida. Ta ce yana jiran takarda. Akwatin wasiƙun gidan yana bakin ƙofa, mabuɗin a wuyansa yake. Kowace safiya shi ke buɗewa, ya raba wa kowa tasa, ya sake leƙa ciki, ya sa hannu ya shafa ƙasan.

Kaka, akwai abin da ban sani ba ko dariya zan yi. Yana yi wa ɗalibai kacici-kacicin nan da Faransanci, in sun kasa ya ƙi faɗin amsa. Sai ya ce, "Sai ƙanwata ta ba ni gari." Su duka sun ɗauka ke sarauniya ce, gādon ƙasa yake jira. Madam ta ce har yau haka take tsammani. Ta tambaye ni ko garin babba ne.

Ciwon huhu ne ajalinsa, shekara ashirin da tara ke nan. Musulmi suka yi masa sutura, yana ɓangarensu a wata maƙabarta bayan gari. Na je jiya. Na yi masa addu'a, na cire ciyawa. Kafin ya cika ya ce a ajiye algaitar, wani zai zo daga gida.

Za a rufe gidan ƙarshen watan gobe don gyara, kayan duka za su shiga akwatuna shekara biyu. Madam ta ce busa ɗaya ya koya mata, 'yar gajeruwa, ba ta san ma'anarta ba. In kin zo za ta shafa wa fatar mai ta gwada. Ba ta yi alkawari ba, fatar ta tsufa, wataƙila sau ɗaya za ta jure.

Ina jin na gano amsar. Amma ba ni aka tambaya ba, ba kuma ni ake jira ba.

Kina da shekara ashirin da biyu a lokacin, Kaka. Shekaruna ke nan, kin kuma san ni.

Taki har kullum,
Mutmainna

*

Stains, 2 ga Nuwamba

Salamu alaikum 'yar albarka. Ina gajiyar cire ciyawa? Allah ya ba ki masu yi miki.

Kwana uku ban fita ɗaki ba. Na tambayi ubanki nisan Liyon, ya ce awa biyu a jirgin ƙasa. Shekara shida ina ƙasar nan ina cin burodinsu, wana yana kwance awa biyu daga gadona. Inna kuwa tana kallon kudu, ɗanta yana arewa.

Da farko na ce ba zan zo ba. Da wane ido? Na rantse ba zan yafe masa ba, ashe ni ce ya kamata in durƙusa. Na je wurin Malam na masallacinmu a kan rantsuwar, ya ce in yi kaffara, na yi. Na tambaye shi wanda zai yafe wa mai neman gafara a wurin matacce, ya ce Allah. Na ce na sani, amma Bukari mutum ne mai son a faɗa masa a fuska.

Asabar, jirgin ƙarfe tara. Ki tsaya inda zan gan ki, kada ki sa baƙaƙen kayan nan naki kamar hankaka. Ki gaya wa Madam Morag sarauniya tana tafe, da sanda da robar magani. Ki kuma tambaye ta ko akwatin wasiƙun nan yana nan.

Kakarki,
Batula

*

Liyon, 8 ga Nuwamba
Zuwa ga Bukari mai algaita, Gidan Ekos, a Liyon

Assalamu alaikum Yaya. Ina kwanciya, ina jiran mu? Allah ya sa ƙasa ta yi maka sauƙi. Ka duba adireshin, kowane baƙi yana wurinsa.

Malamai sun ce matacce ba ya karanta takarda. Kai ma da ranka ba wani karatun kirki ka iya ba, sai mu yi maneji.

Takardarka ta zo. Ni na karanta ta, ni na ɓata ta. Inna ba ta yi fushi da kai ba ko na yini ɗaya, tana ajiye maka fura har ta rasu. Ni ce na yi fushin, shi ma ba hakkina ba ne. Mun yafe tun kafin ka tambaya. Kai ma ka yafe mini.

Na ga ɗakinka. Na ga matakalar da ka share. Baturiyar ta rungumi abin da ka ɗinka, ta hura. Iskar da ta fara fitowa ba tata ba ce, tsohuwa ce, tana warin goro. Sai algaitar ta ce, "Batula, Batula, kawo ruwa." Na ce na'am, da ƙarfi, a gaban mutane. Matar ta firgita ta cire bakinta tana kallona, hawaye na zuba. Bakinta a rufe, Yaya, kai kuwa ba ka daina kirana ba.

Daga nan muka wuce wurinka. Na kawo ruwan. Na zuba maka da hannuna.

Ɗana ya bugo waya ya ce ya kwance ƙarfen ɗakina, kukan ya tsaya, iska ce ta fita. Na ce masa na sani.

To, na kasa. Na ba ka Damagaram, da Birni da Zango, da rijiyar, da ƙofar ɗakin Inna. Ka je ka ci ka sha ka huta. Jikata za ta ɗaga ni in kai hannu bakin akwatin, don an kafa shi daidai tsawonka.

Tun da kai ka yi shiru, bari ƙanwarka Batula ta faɗa maka.

Salka ce. Ta fatar tunkiya, ɗinkin hannunka, ɗaure a jikin algaitar Baba.